Godiya Bayan Jinyar Auta

Alhamdulillahi, jama'a, mun dawo gida Gombe, kuma likita ya ce fatar kuncin Auta ta rufe sarai. Duk wanda ya bi mu tun ranar da tafasasshen man nan ya zubo mata ya san inda muka fito, ba sai na maimaita ba. A gajiye nake, amma godiyar nan ba za ta kwana ba.

Bayan an yi mata aikin leza na farko, wato gyaran tabo da na'urar haske mai zafi, cikin dare na haska ta da fitilar waya. Kuncin ya kumbura, ya yi ja, wani wurin har ya fi tabon da muka je gyarawa duhu. Gabana ya yanke ya faɗi. Na ce shi ke nan, da kuɗinmu mun ƙara ɓata wa yarinya fuska. Ina kuka na kira sistar da ta ba ni lambarta. Baiwar Allahn nan ta ɗauka a wannan tsakar daren, ta ce, "Maman Auta, zauna tukuna. Akwai zazzaɓi? Akwai mugunya, ko wurin ya ɗuri ruwa?" Na ce babu. Ta ce to, kumburin da jan dama ana sa ransu, don da gangan leza take taɓa fata da zafi domin sabuwa ta fito. Ta sa na naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ina ɗorawa kaɗan-kaɗan, na ƙara mata matashi kanta ya ɗaga. Ba ta kashe waya ba sai da ta ji muryata ta dawo.

Washegari ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ruwa mai ɗan ɗumi da hannu kawai, ban da soso, ban da dilka. Man basilin a kai a kai kada wurin ya bushe, balle ga hunturu. Ɓawon da zai taso, ko ƙaiƙayi ya dame ta, a bar shi ya faɗi da kansa. Abin da ta fi nanatawa rana ce: baƙar fata irin tamu tana saurin yin duhu bayan leza, kuma duhun kan ɗauki watanni bai washe ba. Don haka kullum sai man kariyar rana mai lambar SPF 30 ko sama, da inuwa. Masu ce mini in shafa mata man bilicin "ya daidaita launin", na gode da kulawa, amma an hana.

Sista, ba ki son a ambace ki, na kiyaye. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya raya miki zuri'a, Ya sa ki gama da iyaye lafiya.

Gwaggona ta Jekadafari kuwa sai na faɗa ko za ki yi faɗa: ke kika riƙe mini sauran yaran. Maƙwabciyata da ta karɓe mini girki don kada Auta ta biyo ni bakin murhu, da Kawu na Kumo da ya sayar da akuyoyinsa ya turo, Allah Ya mayar muku da ninkin-ba-ninkin, Ya tsare ku da ganin ranar asibiti.

'Yan uwanmu na Bauchi, mun ga saƙonninku na WhatsApp. Motar Gombe dai ba ta daina tashi ba. Akwai sauran aikin leza a gaba, muna roƙon a ci gaba da sa Auta a addu'a.