Maganar 350 µH da ta raba ni da oga

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma tunda yaran da suka shigo bayana sun dame ni da tambayar abin da ya haɗa ni da oga kan suwic ɗin PoE, wato na'urar da ke tura wa kyamarorin tsaro bayanai da wuta ta wayar intanet ɗaya, gara in rubuta kowa ya huta.

Duk wanda ya taɓa buɗe allonmu ya san ƙananan taransifoman da ke bayan ramin RJ45, inda ake cusa wayar; kowannensu waya ce da aka naɗa a kan ɗan zobe. Wutar kyamara ta tsakiyar naɗi take shiga, ta rabu biyu, kowane rabi ya bi waya ɗaya. In rabon ya zo daidai, maganaɗisun ɓangarorin biyu ya kashe juna, zoben bai ma san an yi ba. To amma yaushe ya taɓa zuwa daidai? Wata wayar ta fi 'yar'uwarta turjiya, wani kan an matse shi cikin gaggawa, sai ragowar wuta ta ƙosar da zoben, indaktans, wato ƙarfin maganaɗisun naɗin da ake aunawa da µH, ya faɗi. Shi ya sa ƙa'idar 100BASE-TX, ta tura bayanai a irin wannan waya, ba ta tsaya a 350 µH ba. Cewa ta yi aƙalla 350 µH, a 100 kHz, alhali 8 mA na DC, wato wutar da ke bin gefe ɗaya, na ratsa naɗin. A wannan sharaɗin na ƙarshe rigimarmu take.

Oga ya samo masu araha daga Shenzhen. Takardarsu ta rubuta 350 µH, ta yi gum kan 8 mA. Na faɗa a taro, na kuma rubuta masa. Ya ce, "Injiniya, 350 ai 350 ce, kai dai ba ka tausayin kuɗi." Da na matsa sai ya kawo hujjar cewa ƙa'idar PoE ta 802.3at, wadda ta fito a 2009, ta sassauta har zuwa 120 µH. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Sassaucin na na'urorin Type 2 ne, masu jan wuta da yawa, kuma da sharaɗin mai karɓar sigina ya iya jure gocewar matakinta. Wa ya san irin cif ɗin da ke cikin tsofaffin kyamarorin kwastomominmu?

Aka ƙera, aka sayar. A kan tebur, da guntuwar waya, komai lafiya lau. A wurin kwastoma kuwa fitilar haɗi na ci, kyamara na amsawa, amma da magariba ta yi, fitilun ganin dare suka kunna, wutar da take ja ta ƙaru, sai hoto ya riƙa sandarewa. Lissafin ba wuya: ƙa'ida ta yarda da bambancin kashi 3 cikin 100 tsakanin wayoyi biyu, in kyamara ta ja 600 mA ka ga ragowar 18 mA ke nan. Balle wayar aluminiyam mai shafen tagulla da ta cika kasuwa, a cikin silin da ya wuni yana shan rana.

A gaban kwastoma oga ya ce zanen allona ne ya jawo. Ina tsaye. Aka zaftare min alawus. Na ɗauko mitar LCR mai auna indaktans, na ɗora wa taransifoma ɗaya 8 mA a gabansa, lambar ta zube ƙasa da rabi. Ya duba, ya ce a kawo masa shayi. Bayan 'yan makonni aka canza taransifoman a ɓoye, aka sanar cewa "sashen saye ya inganta kaya." Alawus ɗina har yau.

Ga ku da za ku zauna: in takarda ba ta ambaci DC ba, ku ɗauka ba a auna da shi ba. Ku gwada da waya mai mita 100, da cikakken lodi, allo na da zafi. In za ku taɓa ƙa'idar 802.3bt mai wat 90, kada ku ari taransifoman tsohuwar ƙa'idar 802.3af. Kuma duk abin da kuka faɗa wa oga ku bi shi da imel.

Ragowar kwalayen masu arahar na nan a sito, na kuma ji ana shirin zuba su a injektan da za a fitar bana, wato na'urar ɗora wuta a kan wayar intanet. Mitar LCR ɗin da kuɗina na saya, da ita zan tafi.