Garin da ya fito kore

Yau a wajen aiki na buɗe DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman kiwon lafiya a cikinta, na haska taswirar masassarar cizon sauro ta watan Agusta a bango, ina ta jin kaina. Inda cutar ta yi yawa ja, inda ta yi sauƙi kore. Da wannan za a raba maganin da ya iso, kuma kowa ya san damana ba ta jiran kowa. Wani gari can gefen Magarya ya fito kore shar, na ce a rage masa kaso a ƙara wa masu ja. Har shugaba ya ɗauki biro zai sa hannu.

Sai wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ke zaune a baya, wanda ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa da kyau, ya ce: "Ɗana, koma kan garin nan. Mutum nawa suka zo likita gaba ɗaya a watan, ba masu masassara kaɗai ba?" Na duba, sun ragu sosai, har mata masu awon ciki. Ya ce ruwa ne ya cika ƙoramar da ke tsakaninsu da likitar, amalanke ma ba ta ƙetarewa. Marasa lafiyar suna kwance a gida, shi ya sa ba su shiga lissafina ba. Wallahi kunya ta kama ni, domin alƙaluman suna gabana, ban tambaye su ba ne. An bar musu kasonsu. Har na iso Birni da yamma ina tunanin garuruwa nawa na shafa wa kore bara.