Kafin ka shigar da dukushinka gasar diresaj ta farko

A Katsina da Daura doki ba baƙo ba ne. Akwai hawan Sallah, akwai Sallar Gani a Daura, akwai kilisar yamma, ga ƙwallon dawaki da ake bugawa tun zamanin Sarki Dikko, wadda Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinta. Diresaj kuwa wani fanni ne dabam. Mahayi ɗaya ne yake shiga fili da dokinsa, ya bi jerin motsin da aka rubuta masa tun kafin ranar, alkali yana zaune yana ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Wasan yana cikin gasar Olamfik tun 1912, kuma hukumar wasannin dawaki ta duniya, wato FEI, da ke Luzan ta ƙasar Suwizalan ce ke tsara dokokinsa na duniya. Matakin farko ba shi da ban tsoro: tafiya ce da sassarfa kawai, ba a ma neman ƙaramar sukuwa sai a mataki na gaba.

Fara da shekarun dokin. Hukumomi da dama ba sa karɓar doki sai ya cika shekara 4. Kada ka tsaya ga maganar dillali, buɗe baki ka duba. Haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Ƙasusuwan baya su ne na ƙarshen ƙosawa, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Shi ya sa ɗan shekara 4 aikin minti 20 zuwa 30 ya ishe shi, kwana huɗu a mako, sauran kwanakin a fita da shi kilisa a hankali.

Inda aka fi ɓata dukushi a wajenmu shi ne baki, kuma a nan nake so a daɗe. Linzaminmu na gargajiya, mai zobe da ke kewaye haɓa da harshen ƙarfe da ke taɓa ganɗa, an ƙera shi ne don a tsayar da ingarma nan take a cikin sukuwa. Yana yin wannan aikin, amma dokin da ya saba da shi yakan koyi gudun hannu: ko ya ɗaga kai sama ya lotsa baya, ko ya naɗe haɓa zuwa ƙirji ya ƙi taɓa ƙarfen. Diresaj akasin haka yake nema. Ana so doki ya miƙa wuya da kansa ya nemi hannunka, ka ji ɗan nauyi daidai wa daida a hannu biyu, ba ya yankewa. Don haka a ƙananan matakai linzami mai sauƙi kaɗai aka yarda da shi, wato mai gaɓa a tsakiya da zobba biyu a gefe. Faɗinsa ya zarce bakin da kamar rabin santimita a kowane gefe, a kuma ɗaga shi har fata ta yi ɗan ninki ɗaya ko biyu a kusurwar leɓe. Abin ɗaure hanci ya bar wurin yatsu biyu. Kafin a sa masa ƙarfe, likitan dabbobi ya duba bakin, domin akwai wasu ƙananan haƙora da kan fito a gaban turame daidai inda linzami ke zama, kuma suna cikin abin da ke sa doki girgiza kai har a ce masa mai taurin kai. Idan dokin ya riga ya sha linzamin gargajiya, mayar da shi kan ragama na wasu makonni, ana juya shi da doguwar igiya mai mita 8 a babban da'ira, minti 15 kacal, rabi hagu rabi dama. Wallahi gara ka ɗage gasar da wata uku da ka shiga da bakin da ke tsoron hannu.

Wani kuskuren da ke biye da wannan shi ne jan linzami don wuya ya lanƙwashe kamar na dawakin da ake gani a bidiyo. Lanƙwasar nan daga kuturi take tasowa. Idan ƙafafun baya suka shiga ƙarƙashin ciki suna turawa, baya ya saki, wuya da kansa zai sauko. Wanda ya jawo kai da hannu, alkali zai ga hancin ya koma bayan goshi, takun ya gajarce, ya rage masa maki. Abin da ake fara dubawa shi ne daidaiton taku: tafiya bugu huɗu, sassarfa bugu biyu, ƙaramar sukuwa bugu uku, ba gaggawa, ba jan ƙafa.

Sirdin gargajiya mai dogon gaba da baya ba zai bari ka tashi ka zauna a sassarfa ba, sai ka nemi irin na ƙwallon dawaki. Tabbatar yatsu uku suna shiga tsakanin gaban sirdin da ƙashin kafaɗa bayan ka hau. A kan dukushi tashi da zama ake yi don a sauƙaƙa wa bayansa: ka tashi lokacin da kafaɗar waje, wato wadda ke ɓangaren gefen fili, ta yi gaba, idan ka sauya ɓangaren da kake kewayawa ka zauna bugu biyu a jere.

Filin masu farawa mita 20 ne a faɗi, 40 a tsawo. Auna shi da tef, kada ka kintata da taku. Daga kusurwa zuwa kishiyarta ya ba ka mita 44.7, in ba haka ba filin ya karkace. Rubuta haruffa a jikin tsofaffin jarkoki. Ƙofa tana A, alkali yana C. Idan ka shigo, K, E, H suna hagunka, F, B, M suna damanka, X kuma tsakiyar fili ce. K, H, M da F kowanne mita 6 ne daga kusurwa, E da B a tsakiyar dogon gefe. Da'irar mita 20 daga A tana taɓa dogon gefe a mita 10 daga kusurwa, wato mita 4 gaba da K ko F, sannan ta ratsa X. Masu farawa sukan nufi harafin kansa, sai da'irar ta fita kamar ƙwai. Wannan maki ne da ake zubarwa a banza. Yashi kada ya wuce santimita 5 zuwa 8. Mai zurfi yana gajiyar da jijiyoyin ƙafa, fako kuma yana dukan gaɓoɓi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sai a yi aiki bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya.

Abinci ma yana shiga cikin maki. Doki mai kilo 350 yana bukatar kilo 6 zuwa 7 na harawa da ciyawa a rana. Gero da dawa idan suka yi yawa ga mai ƙaramin aiki, zumuɗi za su sa shi, ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Ranar gasa, da alkali ya kaɗa ƙararrawa kana da daƙiƙa 45 ka shiga. Miƙe layin tsakiya idonka a kan C. Inda aka ce ka tsaya, tsaya cak kamar daƙiƙa 3, haɗa linzami a hannu ɗaya, sauke ɗayan, ka sunkuyar da kai. Zamiya a nan laifi ce, a hankali ake saukowa. Ba a yi wa doki magana ko ƙyacci a cikin fili, ana cire maki. Kuskuren hanya na farko a yawancin ƙananan gasanni maki 2 ne, na biyu 4, na uku a fitar da kai. Jini a baki ko a gefen ciki kora ce kai tsaye, saboda haka bar ƙaimi a gida, ka sa hular kwano. Tunda yawancin dawakinmu ingarmu ne, saba masa da yin aiki kusa da wasu dawaki tun makonni kafin ranar, kuma a wurin ɗumama jiki ka nisanta shi da goɗiya. Minti 20 na ɗumamawa sun isa, wanda ya wuce haka dukushi zai shiga fili a gajiye.

Idan babu gasa kusa, akwai waɗanda ake yi ta intanet: a tsaya a C a ɗauki bidiyon gwajin ba tare da yankewa ba, a aika wa alkali ya dawo da takardar maki. Kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari sakamako ne mai kyau a karon farko. Duba motsin da aka ninka makinsa sau biyu, sau da yawa tafiya ce da sakin linzami, inda ake so doki ya miƙa wuya ƙasa, kofaton baya ya wuce sawun na gaba. Ita za ka fi maimaitawa a kilisa kafin gwaji na biyu.