Takardar haraji ta ce mu huɗu ne

Shekarun farko da na yi a birnin Greensboro na Amurka, wani mai ƙaramin ofis ne ke cika mini takardun haraji. Yakan yanki ladansa daga kuɗin da gwamnati za ta maido mini tun kafin su iso hannuna, kuma yankan ba na wasa ba ne. Wani dattijo ɗan Maraɗi ne ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a, ya ce akwai masu yin aikin nan kyauta, shirin VITA na hukumar haraji ta IRS, ga gidan da samunsa na shekara bai wuce wata iyaka ba, wadda a 2025 ta kasance dala 67,000. Ni mai lodin kaya a sito, ko kusa da wannan ban kai ba.

Na daɗe ina jan ƙafa. Ɗan Damagaram ne ni, ubana bai taɓa tsayawa layin sadaka ba, kuma ban ƙetare teku don in fara ba. Dattijon ya ce, "Ɗana, ba bara ba ce. Wanda bai yi aiki ba ko sisi ba a ba shi." Haka kuwa abin yake. Tallafin da suke kira EITC, wanda gwamnati ke ba masu ƙaramin samu idan sun cika takardar haraji, tun 1975 aka kafa shi, kuma sai mai gumin aiki ke samu. A lissafin shekarar 2024, mai 'ya'ya biyu zai iya samun har dala 6,960, mai uku ko fiye har 7,830, gwargwadon albashinsa. Ban da wannan, a lissafin wannan shekarar akwai rangwamen dala 2,000 kan kowane yaron da bai kai shekara 17 ba.

A watan Fabrairun 2025 na tafi da matata, Maman Sadiya, da takardar W-2 ta wurin aiki da katunan lambar Social Security na mu duka. Wata tsohuwa Baturiya ce ta karɓe mu, mai haƙuri ƙwarai, ta ce mini sun zauna jarrabawa kafin a bar su su taɓa takardar kowa. Da muka zo wurin iyali ta tambaye ni mutum nawa nake ɗauke da su. Na gyara zama, don wannan tambaya ce da nake alfahari da amsarta. Na lissafa Inna, da ƙannena biyu da ke karatu, da gwaggona wadda idonta ya tafi, da 'yata ta fari, sannan na nan. Ta saurara har na gama, sannan a hankali ta ce duk wanda ba ya nan ba zai shiga ba. Yaro sai ya zauna tare da kai a cikin Amurka fiye da rabin shekara. Uwa kuma, ko kai ke ci da ita, in ba 'yar ƙasa ba ce sai dai in a Amurka take zaune, ko Kanada, ko Meziko.

Meziko ta shiga, Nijar ba ta shiga ba. Na ciro waya na fara nuna mata shaidar kuɗin da nake aikawa duk wata, na asibiti, na makaranta, na buhun hatsi. Muryata ta ɗaga har na teburin kusa suka waiwayo, Maman Sadiya ta taɓa mini hannu. Kunyar wannan waiwayen har yau ba ta sake ni ba. Tsohuwar ba ta da laifi, doka ta karanta mini. Amma a gabana aka rubuta 'ya'yana biyu ne, alhali uku Allah Ya ba ni.

Kuɗin sun zo, kuma sun fi na kowace shekara tunda babu wanda ya yanki komai. Doka ta hana a saki irin waɗannan kuɗi kafin tsakiyar Fabrairu, saboda haka sai farkon azumi suka shigo. Na biya bashin mota, na sayi rigunan sanyi na baɗi da aka karyar da farashinsu, sauran na tura gida.

'Yata ta fari tana hannun Inna tun yaye. Lokacin da na ci cacar biza na sa sunanta, amma da tafiya ta zo Inna ta ce a bar mata ita, kuma ba ni da bakin musa mata. Yanzu ta shiga sakandare. A waya gaisuwarta ba ta wuce ta baƙo, "Baba ina wuni, ya aiki," sai ta miƙa wa kakarta. Ƙannenta na nan ba sa jin Hausarta sosai, ita kuma ba ta jin Turancinsu.

Da kuɗin suka isa Inna ta kira. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, Allah Ya yi albarka, an sayi hatsi da sukari, an kai wa gwaggonka nata." Na so in ɗauko maganar yarinyar, harshena ya yi nauyi. Inna ta tsufa, yarinyar ce ke ɗebo mata ruwan alwala, ita ke kwana ɗakinta. Maman Sadiya ta ce in bi ta hannun Kawu, shi kaɗai ne Inna ba ta katse wa magana. Na kira shi bayan Sallah, ya ce in bari damina ta wuce tukuna.