Takardar da ke kawo alƙali ita ke ɗauke shi

Duk wanda ya daɗe yana aikin magatakarda a kotu ya san ba a ɗakin shari'a kaɗai ake yanke makomar dosiye ba. Rabin hukuncin a Yamai ake yin sa, ranar da aka sa hannu kan takardar naɗe-naɗe da sauye-sauyen mashara'anta. Yanzu da nake ajiye aiki, ina son ƙannena da suka shigo bayanmu su san wannan tun da wuri, kada sai sun ga dosiye ya ruɓe a kabad sannan su gane dalili.

A Nijar ba a zaɓen alƙali da ƙuri'a, kuma ba a ɗauko gogaggen lauya a ɗora shi bisa kujera. Maƙwabtanmu na Katsina haka suke yi: kafin mutum ya zama alƙalin babbar kotun jiha a Najeriya sai ya shekara 10 aƙalla yana lauya. Mu tsarin Faransa muka gada. Yaro ya gama karatun doka a jami'a, ya shiga kwankur, wato jarrabawar gasar shiga, in ya ci a kai shi makarantar horon ma'aikatan shari'a a Yamai. A da a cikin ENAM, makarantar horon ma'aikatan gwamnati, ake wannan horo, daga baya aka ware masa makarantarsa, EFJN. Ya yi karatun aji, ya zauna gefen manya a kotuna ya ga yadda ake yi, ya yi rantsuwa, sai a ba shi wurin aiki. Shi ya sa za ka ga saurayin da bai daɗe da aure ba an aiko shi Dakwaro ko Mayahi yana raba gadon mutanen da suka haifi ubansa. Ban ga laifin wannan tsari ba in har akwai manya kusa da za su riƙa masa hannu. Sau da yawa babu su. A ƙananan kotunan gunduma an daɗe mutum ɗaya ne ke tuhuma, shi ke bincike, shi ke yanke hukunci. Dokar tsarin kotuna ta 2018, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta yi tanadin raba waɗannan ayyuka da kafa kotun ɗaukaka ƙara a kowace jiha, amma rubuta doka daban, samun alƙalan da za su cika kujerun daban. Shekara da shekaru mutumin Maraɗi in ya ɗaukaka ƙara sai dosiyensa ya tafi Damagaram.

Mashara'anta kashi biyu ne, ko da yake makarantarsu ɗaya, kuma mutum kan yi wannan yau ya koma wancan gobe. Akwai masu zama su yanke hukunci, har da alƙalin bincike. Akwai kuma 'yan parke, wato furokire da mataimakansa, masu gabatar da ƙara da sunan al'umma. 'Yan parke suna ƙarƙashin ministan shari'a, suna karɓar umurni daga sama, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, doka ce ta tsara haka. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ce shugaban ƙasa ke naɗa su bisa shawarar minista, shi ke nan. Masu zama kuwa an ƙara musu katanga biyu: kafin a naɗa su sai an ji ra'ayin majalisar ƙoli ta mashara'anta, kuma ba a tumɓuke su daga kujerarsu. Kundin ya ce a wurin aikinsu doka kaɗai suke yi wa biyayya. An jingine wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an kafa Kotun Ƙasa a madadin manyan kotunan da aka rushe, sannan aka zo da kundin sake gina ƙasa a watan Maris 2025. Duk da haka alƙalamin naɗi yana nan inda yake, a hannun shugaban ƙasa.

To ga inda gizo ke saƙa. Majalisar ƙolin da ake cewa ita ce garkuwar alƙali, shugaban ƙasa ne ke shugabantarta, kuma jerin sunayen da za ta duba daga ma'aikatar shari'a yake fitowa. Sannan akwai ƙofar da aka bari a buɗe da sunan buƙatar aiki. Ba wanda zai rubuta cewa an ɗauke wane saboda ya ƙi sakin ɗan wane. Za a rubuta an ƙara masa girma, ko ana buƙatarsa a wani ofis inda ba zai sake ganin dosiye ba, ko a wata kotu mai nisan da iyalinsa ba za su iya bin sa ba. Ƙungiyar alƙalai ta SAMAN ta sha kokawa da wannan a gwamnatoci daban-daban. Alƙali ɗan Adam ne, yana da yara a lakwal, yana da tsohuwa a asibiti. Ba sai an yi masa barazana ba. Ya isa ya ga abin da ya samu na kusa da shi.

Abin da masu tsara afektasiyo, wato sauya wa alƙalai wurin aiki, ba su gani daga Yamai shi ne abin da takardar ke bari a bayanta. Mu muke kwashe shi.

Ka ɗauki shari'ar gona da aka gama saurare. Shaidu sun zo daga ƙauye a kan babur, an biya musu kuɗin mai da na abinci, tsoho ɗaya da ya san iyakar tun lokacin kakanni ya yi magana, an sa ranar hukunci. Kafin ranar sai takarda ta fito an ɗauke alƙali. Wanda bai saurari shari'a ba ba shi da ikon yanke ta, don haka sabon zuwa dole ya sake buɗe muhawara. A sake aika sammaci, a sake neman shaidu. In damina ta faɗi ba mai barin gonarsa ya zo, in kaka ta yi wasu sun tafi ci-rani, tsohon nan kuma wataƙila an riga an kai shi makwancinsa. Mai ƙara zai tsaya gaban teburinka, hularsa a hannu, ya ce: "Malam, ba an ce yau za a gama ba?" Kai za ka yi masa bayani, kuma kai zai ɗauka ka ci kuɗin abokin shari'arsa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Alƙali ya karanta ƙarshen hukunci a zama, an rubuta a littafin zama cewa wane ya yi nasara, amma bai rubuta cikakken hukuncin da dalilansa ba kafin ya tafi. Magatakarda ba zai iya ba da kwafi ba, balle kwafin zartarwa da ake kai wa wisiye, jami'in da ke zartar da hukunci. Wanda ya ci shari'a ba abin da zai riƙe a hannu. Wanda ya faɗi ya ɗaukaka ƙara, dosiyensa ba zai tafi sama ba don babu hukunci a ciki. Sai a koma bin alƙali ta waya a sabon wurinsa, inda shi ma ya tarar da tulin da wani ya bar masa. A ofishin alƙalin bincike kuwa rayukan mutane ne a ciki. Dokar shari'ar laifuka ta ƙayyade tsarewar jiran shari'a: wata 6 a kan matsakaicin laifi, ana iya sabuntawa sau ɗaya, wata 18 a kan babban laifi, ana iya ƙara wata 12. Sabon alƙali ya iske ɗaruruwan dosiye, kafin ya karanta su wa'adi ya wuce wa wasu, mutum yana gidan kaso ba wanda ya tuna da shi. Duk magatakardan ofishin bincike ya kamata ya riƙe jadawalin tsararru a bango ko a kaye: suna, ranar tsarewa, ranar ƙarewar wa'adi. Ranar da sabon alƙali ya zauna, wannan za ka fara ajiye masa, kafin gaisuwa ta ƙare.

Sai maganar na sama da kai. Akwai shugabanni masu tsoron Allah, na yi aiki da su, ina yi musu addu'a. Akwai kuma irin wanda ya san yadda ya samu kujerarsa, kuma kullum yana biyan bashin. Irinsa ba ya rubuta umurni. Zai kira ka ofis, ya rufe ƙofa, ya ce dosiye kaza a ajiye shi tukuna, kada a sa shi a jerin zaman Talata. Wata uku, wata shida. Ranar da masu bincike suka zo daga ma'aikata suna tambayar dalilin jinkiri, zai dube ka a gabansu ya ce ai magatakarda ne bai kawo masa ba. Shi ne kuma zai ba ka makin ƙarshen shekara, makin da ƙarin girmanka ya rataya a kai. Mutane nagari da yawa sun tsufa a daraja ɗaya saboda haka, wanda ya cuce su kuwa yana hawa. Maganin abu ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar faɗa: kayen miƙa dosiye. Duk dosiyen da ya fita daga hannunka a rubuta lamba, rana, sunan wanda ya karɓa, ya sa hannu. In an ce ka ajiye, ka ce: "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mini a bayan bangon, don kada in manta." Mai gaskiya zai rubuta. Ɗayan zai ɓata rai, ya daina amsa gaisuwarka, amma ba zai sake kiran ka a kan irin wannan ba. Wanda ya bar aiki kayensa cike da sa hannu, ba ruwansa da ɓoye fuska in ya gamu da masu ƙara a kasuwa.

Kada a ce alƙalan ƙasar nan ba su taɓa tsayawa ba. A watan Yuni 2009 kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye, ta soke kiran zaɓen raba gardama na tazarce. Shugaba Tandja ya rushe kotun a ƙarshen watan, aka yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Ku dubi yadda kundin 2010 ya tsara waccan kotu: mutum 7, wa'adi ɗaya na shekara 6 ba sabuntawa, kuma biyar daga cikinsu takwarorinsu ke zaɓensu, alƙalai biyu, lauya ɗaya, malamin jami'a ɗaya, wakilin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ɗaya. Mutumin da ba ya jiran a sake naɗa shi ba shi da wanda zai faranta wa rai. A ganina da za a kai irin wannan tunani ga alƙalin Tasawa da na Gidan Rumji, a ƙayyade shekarun da zai yi a wuri, a hana taɓa shi kafin su cika, a kuma hana shi tafiya sai ya rubuta hukunce-hukuncensa, da an rage kukan talaka fiye da yadda sabon gini zai rage.

Mafi yawan abin da ke shigowa kotunanmu na al'ada ne: aure, saki, gado, gonar da ba ta da takardar mallaka. A nan alƙali yana zama da masu ba shi shawara biyu da suka san al'adar masu shari'a, galibi malamai. Shawara ce suke bayarwa, hukunci nasa ne, amma baƙon alƙali da bai ji Hausa sosai ba kusan a hannunsu yake, su da tafinta. Ana ta zancen yadda ake naɗa alƙali, ba a cika tambayar yadda aka zaɓo waɗannan ba, alhali su ba a sauya musu gari. Kalma ɗaya da tafinta ya karkatar tsakanin aro, jingina da saye ta isa ta raba iyali da gonarsu. Magatakarda mai jin harshen, in ya ji an karkata, ya sanar da alƙali nan take, kada ya jira a tashi.

Rikicin gona da na manoma da makiyaya daga wurin mai gari da sarki yake farawa, su ke da ikon sulhu. Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, a karɓi takarda mai hatimi, don kotu za ta tambaye ta. Wanda ya sayi gona ya je hukumar filaye ta ƙauye ko ta kwamin, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa, a rubuta. Mutanen jihar nan ta Maraɗi ba su manta Toda ba, inda aka kashe mutum fiye da 100 a 1991, don haka ba a wasa da ƙarar ɓarnar gona komai ƙanƙantarta.

Sauran a taƙaice. Tsarewa a komisariya ko jandarmeri awa 48 ce, ba a ƙara ta sai da izinin furokire. Ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi kwana 10 ne, kuma a ofishin magatakarda ake rubuta ta, faɗa wa alƙali da baki a zama bai wadatar ba. Duk kuɗin da aka biya a kotu a karɓi rasit. Lauyoyi kusan duk a Yamai suke, amma marar hali yana da hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon shari'a, ku riƙa nuna wa mutane ƙofarta, da yawa ba su san da ita ba. 'Yan kasuwarmu kuma su sani dokokin ciniki na OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka haɗa dokokin kasuwancinsu, ke aiki a kansu, kuma matakin ƙarshe na irin wannan shari'a yana Abijan, don haka bashin miliyoyi da aka bayar a kan amana ba takarda zai yi wuyar karɓowa. Ranar miƙa aiki a ƙirga kayan shaida ɗaya bayan ɗaya, kuɗi, waya, makami, babur da ke tsakar gida, a gaban mai tafiya da mai zuwa, kowa ya sa hannu kafin a karɓi mabuɗi.