Yadda Turawa ke faɗin an ƙi mutum ko an rabu da shi

Abin da ya fi rikita mai koyon Turanci a nan shi ne kowace kalma tana nuna wanda ya yanke hulɗar da kuma matakin da aka kai. In saurayi ya nemi budurwa ta ƙi tun farko, "she turned him down" ake cewa, don ba a ma fara soyayyar ba. In sun daɗe tare sannan ta sallame shi, ya zama "she dumped him". Asalin "dump" jibge shara ne a juji, shi ya sa take ɗauke da wulaƙanci, kamar a ce ta yi masa korar kare. Kada ka faɗe ta a gaban wanda abin ya shafa.

Mai son sakaya zance sai ya ce "they broke up", wato sun rabu, ba a ɗora wa kowa laifi ba. Amma da zarar za a ambaci wanda aka bari, dole "with" ta shigo: "she broke up with him". Ita kuwa "on a break" jingine soyayyar aka yi na ɗan lokaci, kuma rigima kan tashi idan ɗaya ya ɗauka an gama.

"Ghosting" ɓatan dabo ne. Ba faɗa, ba sallama, ka kira ba a ɗauka. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'anar a 2017. In saƙonka na WhatsApp ya nuna shuɗin layi biyu amma shiru, an yi maka "left on read". "He stood me up" kuwa alƙawarin haɗuwa aka saɓa, aka bar mutum da zaman jira.

"Friend zone", wadda shirin talabijin na Amurka mai suna Friends ya yaɗa a 1994, ita ce dai "ai kai yayana ne". Akwai kuma tsohuwar magana, "Dear John letter", wasiƙar rabuwa da mata ke aika wa sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu.

"Breakfast" da matasan Najeriya ke cewa an ba wane, wato masoyiyarsa ta sallame shi, tamu ce ta gida. Ka faɗa wa mutumin Landan, zai ɗauka shayi da burodi kake nufi.