Kafin ka miƙa wa ɗan haya makulli

Ƙannena masu tara ɗan abin da Allah ya hore da niyyar gina gidan haya a nan Damagaram, ku ba ni aron kunnenku, saboda na ga kusan duk matashin da ya samu miliyan biyu uku sai ya ce bari ya yanki hili ya jera ɗakuna, wai ƙasa ba ta ruɓewa. Gaskiya ne ba ta ruɓewa, amma ni na jera ɗakuna 8 a 2015 kuma sai da na shekara wajen huɗu ina zubar da kuɗi da mutunci kafin na gane inda nake kuskure.

Lokacin gari ya cika da baƙi. An buɗe jami'a a 2010, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ɗalibai daga Magarya da Matamai da Gure da Tanut kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Na yi lissafina a baki, ɗaki 8 kowane jika 10 a wata, jika 80 ke nan, a shekara jika 960, na kashe wajen miliyan 9 da hili da gini, na ce shekara goma kuɗina sun dawo. Ban sa watannin bakansi da ɗalibai ke tahiya gida ɗaki ya zauna a kulle ba, ban sa gyaran kwano da yaɓen siminti bayan damina ba, ban sa kwashe masai ba, ban sa wanda zai gudu da kuɗin wata uku cikin dare ba. Abin da ya shigo hannuna shekarar farko bai kai jika 600 ba, alhali na kwashe jarin shagona na Kasuwar Dole na zuba a bulo. Ɗan'uwa, in jarin da kake juyawa ne kar ka taɓa shi, ka yi gini da rara ko da ɗaki biyu biyu ne.

Amma abin da ya fi cin raina ba lissafin ba ne, rashin takarda ne. Mutum ya zo da sallama, wani dattijo ya rako shi ya ce ɗan gidan mutunci ne, sai in ji kunyar cewa mu rubuta, in miƙa makulli kawai. To ran da rigima ta tashi babu abin da zan nuna, shi ya ce mun yi da kai ƙarshen wata, ni na ce farkon wata, shi ya ce kuɗin da ya ba ni na haya ne na gaba, ni na ce na ajiya ne saboda ɓarna, muka je gaban mai unguwa ya tambaye ni ina shaidarka, na yi shiru.

Kuma duk rigimar gidan haya a garin nan, wallahi in ka bi diddigi za ka tarar ruwa ne da wuta da bayi. Kowa ya san Zinder kan dutse take zaune, ruwanmu daga nesa ake turo shi, Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, in bazara ta yi pampo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, ya zo ƙarfe biyun dare. Ni kuwa pampo ɗaya na sa a tsakar gida ban ajiye tanki ba, ban faɗi wanda zai biya mai garuwa in ruwa ya ɗauke ba, sai mai iyali ya ce gwauro ya biya daidai da shi, gwauro ya ce shi bokiti ɗaya yake wanka kai kana wankin yara biyar. Wuta ma haka, kwantar ɗaya, wato na'urar auna wuta, na sa wa gida duka, wani na da firiji yana sai da ƙanƙara, wani ƙwan fitila ɗaya da cajin salula, faktir, wato takardar kuɗin wuta, ta zo a ce a raba daidai, wa zai yarda? Suka ƙi biya, aka zo aka yanke, kuma sunana ne a takardar, ni na biya bashin da kuɗin maidawa. Bayi ɗaya na gina wa ɗaki 8, na haɗa matan aure da samari a gida guda, wannan kam laifina ne ni kaɗai, har yau ina jin nauyin wata baiwar Allah da ta tashi daga gidan tana kuka saboda samari na zama a ƙofar ɗakinta da baƙinsu har tsakar dare.

Sai maganar dangi. Na ba ɗan wan babana ɗaki, wata 14 bai ba ni ko dala ba, da na yi magana aka ce na ci zumunci. In za ka taimaki ɗan'uwa ka ce masa kyauta na ba ka zuwa wata kaza, ka cire ɗakin daga lissafi, ya fi maka kwanciyar rai.

Yanzu ga yadda nake yi. Kafin makulli ya bar hannuna muna zama da shaidu biyu, a rubuta da Hausa ko Faransanci, wanda mutum ya fi ganewa, a karanta masa da baki in bai iya karatu ba. Kuɗin wata nawa, ranar biya 5 ga wata, kuɗin ajiya na wata ɗaya da zan maida masa in ya bar ɗaki lafiya, mutum nawa za su kwana a ɗakin, ba a ba wani ɗakin haya a bayana, ƙarfe nawa ake rufe ƙofar gida, ranar sharar kowa, da sanarwar wata ɗaya kafin tashi, ni ma in ina son ɗakina haka zan ba shi lokaci. Na sa wa kowane ɗaki ƙaramar kwantar tasa, na ƙara bayi biyu, na ajiye tanki, na mai da gidan na ɗalibai maza zalla kuma muna yin magana kan watannin hutu tun ranar shiga. Duk wanda ya biya ina yanka masa rasit, ko ta waya ya turo. Ni ma an rubuta nawa a takardar, in rufi ya yi yoyo ko masai ya cika ni zan gyara cikin sati, don ɗan haya ba bawanka ba ne, kuɗinsa yake biya.

Shi kuma hili, kar ka biya sai ka kai takardarsa meri, wato ofishin magajin gari, an duba an tabbatar sunan mai sayarwa ne a kai, in na gado ne magada duka su sa hannu. Kuma ka je ka gan shi da idonka a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, daminar 2024 da ta kayar da tsohon masallacin Birni ta nuna mana inda ruwa ke kwanciya a garin nan, maƙwabcina da ya sayi nasa da rani cikin kwari har yanzu ɗakunansa uku babu mai shiga.